Lambar Farfesa

Dogo ya shiga bayi ya bar wayarsa a kan teburin gwaji, tsakanin kwalabe shida na ruwan rijiya. Manaja ya duba hagu, ya duba dama, ya lallaɓo da tumbinsa, ya kwafe lambar da aka ajiye da sunan Farfesa a tafin hannunsa.

Sata ba halinsa ba ce, wuya ce ta yi wuya.

Rijiyoyin man kamfanin sun tsufa, sauran man ya maƙale a cikin dutse ya ƙi fitowa. Sai an tura masa wani sinadari, sabulu ne dai, mai ɗan karen tsada da dogon suna, ya wanko shi. Sabulun kuma yakan dawo sama a cakuɗe da mai da ruwan gishiri, kamar ruwan kwata. Aikin sashen Manaja shi ne ya ƙwato sabulun nan a sake tura shi ƙasa. Shekara biyu suna fama, abin da suke ƙwatowa bai isa wanke cokali ba. Hedikwata ta rubuto cewa za ta rufe sashen.

Shi kuwa Dogo, shekara ashirin yana ɗakin gwaji a kan kujera ɗaya, kuma Manaja ya daɗe da mayar da shi ɗan aike. Shi ke sayo taya, shi ke bin layin gyaran waya. Duk ranar Asabar ya kwashi kayan aikin Manaja da ɗanyen mai ya ɓata ya kai inda ake wanke su, don uwargidan Manaja ta rantse ba za su shiga injinta ba.

Wata Litinin Dogo ya zo da shawara. Ya ce wata Farfesa ta ce a ɗumama ruwan daidai yadda gwiwar hannu za ta jure, a ƙara gishiri, a bar shi ya huta, mai zai taso da kansa. Manaja ya yi dariya har da buga tebur. Aka gwada, mai ya taso.

Litinin ta gaba, Farfesa ta ce su daina zubar da kumfa, ai kumfa ɗakin sabulu ce. Aka hura iska a tankin, aka yaɗe kumfar, sai ga sabulu. Litinin ta sama kuma ta ce a tace sauran da tsohon ƙyalle, tsoho fa, sabo ba ya jin magana. Aka yi odar na'urar tacewa daga waje. Kafin wata uku, fiye da rabin sabulun yana komawa rijiya.

Manaja ya ɗinka wa shawarwarin rigar turanci, gwiwar hannu ta koma digiri arba'in da biyar, ya riƙa aika rahoto yana farawa da "bayan doguwar tattaunawa da aminiyata Farfesa". Sunan Dogo ko a gefen takarda bai fito ba. Aiki ya yi wa Manaja yawa har ta kai in wayarsa ta yi ƙara ya ga kiran gida ne, sai ya kife ta.

Daɗin bai daɗe ba. Hedikwata ta ce manya uku za su zo ranar Alhamis su ji muryar Farfesa da kunnensu. In sun gamsu, sashe ya tsira, Manaja ya zama Darakta. In kuma babu wata Farfesa, to wanda ya sa hannu a rahotannin ya san inda ƙofa take.

Manaja ya kira Dogo, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi jami'ar da take. Dogo ya ce ba ta faɗa ba, amma ta fi shekara arba'in tana raba mai da ruwa. Ya tambayi adireshin imel, Dogo ya ce ba ta rubutu, sai dai baki da baki. Ya nemi lamba.

"Yallaɓai, ta hana," in ji Dogo. "Ta ce mai son ganinta ya san hanya."

Manaja ya jinjina kai. Manyan masana haka suke, akwai jan aji. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya yi alkawarin sabuwar kujera mai juyawa. Dogo ya ce alkawari kaya ne. Daga nan ne Manaja ya fara gadin ƙofar bayi.

Ranar Alhamis manya suka zauna a ɗakin taro, kowa da biro a hannu. Manaja ya sa aka zaunar da Dogo can ƙarshen tebur, kusa da kwandon shara. Sannan ya jawo wayar ofis tsakiyar tebur, ya danna lambar, ya buɗe lasifika. Dogo ya ɗaga yatsa zai yi magana, Manaja ya harare shi, ya sauke.

Ta yi ƙara sau biyar. Aka ɗauka. Ana jin motsin ruwa da ƙarar bokiti, babba a cikin baƙin ya raɗa wa na kusa da shi cewa ka ji, ko yanzu tana ɗakin gwaji.

Manaja ya gyara murya. Ya jero gaisuwa da turanci, ya maimaita da Hausa don girmamawa, ya faɗi cikakken muƙaminsa, ya ce shi da shugabanninsa suna alfahari da Farfesa, kuma kamar yadda suka saba tattaunawa, yau ma suna roƙon ta ɗan yi musu tsokaci.

Ruwan ya daina motsi.

"Auta?" in ji muryar. "Wata huɗu ina kiranka ba ka ɗauka, sai wandunanka masu maiƙo kake aiko wa uwarka, yau kuma ni ce Farfesa?"