Tuffar La'asar

"Gatsa mana, Baba. Ba a yankawa, a gatsar amfanin yake."

Mahaifina, Malam Ilu, ya juya tuffar a hannunsa. Wata huɗu ke nan, kullum bayan la'asar sai na hau adaidaita daga Kabuga zuwa Soron Ɗinki na kai masa guda ɗaya. A waya na ga wani bidiyo, wai gatsar tuffa tana wanke haƙori, tana ƙarfafa dasashi. Ni na raba shi da goro, ni kuma nake tsare shi har ya cinye.

Ya yi bisimilla ya gatsa, sai ya runtse ido. Da ya janye tuffar, jini ne a jikinta, ga haƙori ya maƙale.

Na saki salati. Shi kuwa ya zare haƙorin, ya jawo tsohon gwangwanin goronsa daga ƙarƙashin buzu. Da ya buɗe, na ga wasu haƙoran guda uku a ciki.

"Baba, mene ne wannan?"

"Likita ya ce dasashina ya lalace. Tun bara ya hana ni abu mai tauri."

Na zube a gabansa. "To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya rufe gwangwanin a hankali.

"Rahma, tun rasuwar mahaifiyarki sai salla-salla nake ganinki. Tuffar nan ce ta dawo mini da ke." Ya goge bakinsa da hannun riga. "Gobe ma ki kawo. Da sauran haƙora."