Manhajar Wani Baƙo

"Ba zan ɗora aikinmu a kan manhajar wani baƙo ba," na ce wa Salwa, abokiyar aikina a ofishin binciken noma a Gadarif, ƙasar Sudan.

Manhajarmu ke lissafa wa manoma ranar shuka riɗi. Saura kawai ɓangaren da zai karanta fayil ɗin saituna. Salwa ta samo wani shiryayye a intanet. Na leƙa layi goma, na rufe.

"Wanda ya rubuta wannan jaki ne. Ni zan rubuta namu."

Sati uku na kwashe. Damina ta kawo kai, nawa kuwa da ya ga lambobin Larabci sai ya ƙame.

"Halas, ya isa haka, ya ustaz Haliru," in ji Salwa. Ta saka na baƙon. Nan take ya karanta komai, har awon faddan, ma'aunin gona na Sudan.

"Wane Bature ne ya san faddan?" Na buɗe shafin marubutan.

Sunana ne a sama. Aikin kammala karatuna ne da na ɗora a intanet na manta, wasu suka canja masa suna.

Salwa ta kurɓi shayi. "In aika wa jakin godiya?"