Ƙaiƙayin Gwiwar Dama

Ƙaiƙayi ne ya farkar da tsohon direban, can cikin gwiwarsa ta dama, daidai inda likitoci suka sa masa ƙarfe a madadin ƙashin da ya zaizaye.

Ya ji daɗi. A saninsa, ciwon da ya fara ƙaiƙayi ya kama hanyar warkewa.

Ya sha wuya kafin nan. Bayan aikin, gwiwar ta kumbura suntum, mugunya ta riƙa tsattsafowa ta bakin ɗinkin. Aka yi allurai ta jijiya, aka buɗe aka wanke, a banza. Zazzaɓi ya kwashe shi har ya daina gane mutane.

Yanzu ga shi kwance rigingine, jiki ba ƙarfi. An kifa wani kejin ƙarfe bisa ƙafafunsa don kada bargo ya taɓa ciwon. Matarsa na zaune gefen taga tana ɓare lemo.

“Ke! Taso ki sosa min gwiwa.”

Ba ta motsa ba. Wannan ya ba shi mamaki. Tun aurensu, gyaran muryarsa kaɗai kan miƙar da ita tsaye.

“Kurma kika zama? Ke kika jawo min wannan, da ƙazaman hannayenki da kike canza min bandeji da su. Bari dai in tashi.”

Nas ta shigo ta duba ƙarin ruwa, ta ƙi haɗa ido da shi. Ta kalli matar.

“Je ki, 'yata,” in ji matar. “Ni zan yi masa bayani.”

Ta share hannu, ta taso da ɗingishinta na shekaru, ta tsaya a ƙarshen gadon.

“Ƙwayar cutar ta shiga jininka, Maigida. Likita ya ce hanya biyu ce. Ɗaya, a cire ƙarfen, a cusa magani, a jira watanni. Ya ce akwai haɗari, amma shi wannan hanyar ya so a gwada. Ba ka cikin hayyacinka, sai suka tambaye ni.”

“To, sai me? Sosa min, na ce!”

Ta yaye bargon a hankali, ta ninke shi tsaf.

“Ina zan sosa? Ƙafar da ka karya min ƙugu da ita, ni na sa hannu aka yanke ta.”