Katantanwar da Ba Ta Ƙara

Injin na juya guntun itacen, masassaƙin kuma yana tsaye a kansa. Rabin guntun katako ne, rabi ruwan danƙo da ya daskare ya yi garau kamar gilashi. Matarsa ce ta zaɓi launin ta zuba, ta ce ja ne da ruwan zinariya. Bai yi mata musu ba, dama a harkar launi bai taɓa cewa uffan ba.

Katantanwar wasa yake sassaƙawa, irin wadda ake murzawa ta yi ta juyi a kan tsininta. Amma wannan ba ta wasa ba ce.

'Yarsu ta yi watanni a duniya, har yanzu ba wanda zai rantse tana gani. In an kaɗa mukullai ta waiga, in an tafa ta waiga. Surukarsa, wadda bakinta ba ya da birki, ta ce kunne ne ke yi wa yarinyar aiki, kuma kowa ya san irin wannan gadonsa ake yi. Maganar ta tsaya masa a rai. Sai an samo abu mai ƙyalli, mai motsi, wanda ba ya ƙara ko kaɗan, kafin a gane gaskiya.

Katantanwa kuwa, in ɓari ɗaya ya fi nauyi, sai ta yi gurnani. Ya sa ƙarfen sassaƙa yana sauraron injin, zaren danƙo na zubo masa a hannu. Can ƙarfen ya ciji gefe, ƙas. Ya kashe injin. Ya bi wurin da babban yatsa, a hankali, har ya tabbatar bai tsage ba. Ya goge da samfefa sai da yatsan ya daina jin komai.

A ɗaki matar ta zaunar da yarinyar a cinya, ta ajiye farantin gilashi a gabanta. Surukar ta tsaya bakin ƙofa. Tsoro ya hana shi murzawa. Sau biyu katantanwar ta suɓuce masa saboda gumi.

A na uku ta tashi. Ɗakin ya yi tsit. Ya kasa kunne iya kasawa, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Shirun ya yi tsawo har ya fara addu'ar a ce masa wani abu, ko mara daɗi ne.

Sai yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tana bin ta da ido, maigida," in ji matar. "Wallahi tana bi."

Ya lalubo kan yarinyar, ya shafa girarta da yatsan nan nasa.

"To ki faɗa min," ya ce wa matar. "Tunda ita ba ta gado ni ba, yaya ja yake?"