Shaida a Bayan Labule

Tana cikin gwada wa wata budurwa riga rediyon shagon ya faɗi labarin: an yi wa duk waɗanda suka yi yaƙi afuwa, yau za su koma gidajensu. Har da Kwamanda.

"Wayyo, Baba! Ni kike ɗinkewa ko rigar?" in ji budurwar, tana murza kafaɗa inda allura ta soke ta.

Tsohuwar telar ba ta ko yi murmushi ba. Ta sallame ta, ta rufe shago da rana tsaka, ta nufi gida.

Bara ita ce shaidar da aka ɓoye a bayan labule a kotu, aka sa mata na'ura mai sauya murya. Ta faɗi yadda ta ga Kwamanda ya jera mazan unguwa a jikin katangar makaranta, da abin da ya biyo baya. Lauya ya ce ai fuskarsa a rufe take ranar. Ta ce ko cikin mutum dubu za ta gane tafiyarsa.

Jami'an kotu sun yi mata alkawarin ba wanda zai san ita ce, kuma shi da fitowa har abada. To, ga har abadan nasu.

Abu ɗaya ke cin ranta. Ana tsakiyar shari'a tari ya sarƙe Kwamanda har idanunsa suka yi ja, ita kuma bakinta ya riga hankalinta: "Ku ba shi ruwa mana!" Kotu ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗago kai ya daɗe yana kallon labulen.

Ya gane ne, ko bai gane ba?

Ta danna sakata, ta jawo keken ɗinki ta tokare ƙofa. Ta kira jami'in kare shaidu, aka ce an rufe ofishin tun makon jiya. Tsoro ya kama ta sosai, ta zauna a ƙasa ta rungume gwiwoyinta.

Mota ta tsaya a waje. Sai ga takun nan, a hankali, ba gaggawa. Ya tsaya daidai ƙofar, har tana jin numfashinsa.

Aka ƙwanƙwasa cikin ladabi.

"Umma, buɗe mana. Autanki ne ya dawo gida."