Bangon da Ke Gumi

Ɗakin da Garzali da yayansa Sunusi suka kama haya a unguwar Najma, can ƙasar Larabawa, a kan rufin bene aka kafa shi. Ƙarafa aka tsayar, aka lulluɓe da allon jifsam, wai an yi gini ke nan! Ba a cusa komai a tsakani da zai tare zafi ba. Rana ta gasa ƙarfen daga waje, shi kuma ya miƙo zafin har kan gado, daɓen ma yana huci kamar kaskon tuya. In suka kunna na'urar sanyi, sai bangon ya hau gumi daidai inda ƙarafan suke. Kafin ka ce kwabo, baƙin fumfuna ya jeru layi-layi.

Ga shi Sunusi mai ciwon asma ne.

"Yaya, mu yi wa dillalin da ya ba mu ɗakin nan magana," in ji Garzali.

"Kai, baƙo da ƙorafi? Abinci muka zo nema. Rataya darduma ka rufe wurin."

Aka rufe, tari kuwa bai rufu ba. Ran nan Sunusi yana tsaye bakin aikinsa na gadi a garin Lusail ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce huhun ya taɓu, aikin tsayuwa ya ƙare. Haka aka mayar da shi Kano, numfashi da ƙyar. Wallahi Garzali ya yi kuka.

Bai gama share hawaye ba sai ga dillali da bokitin fenti, da wani sabon ɗan haya a bayansa.

"Maza, matsa a shafe, shi ke nan!" in ji dillali.

Garzali ya tare bangon. "Shafe me? A kwantar da wani kuma?"

Ya ɗauki guduma ya kafta wa allon. Sai ga ƙarfe tsirara, jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Sabon ɗan hayan ya toshe hanci ya saɓi jakarsa ya fice.

"Zan gaya wa kafil ɗinka, uban gidan da ya yi maka biza!" dillali ya daka tsawa.

"Gaya masa! Ni ma hukuma na nufa. Shirun da na yi a baya ya ishe ni."

Hukuma ta zo ta gani, aka rushe ɗakin. Amma har yau in Garzali ya kira gida, sai Sunusi ya huta a tsakiyar sallama kafin ya ƙarasa.

Jama'a, kawaici ga ginin da ke cutar da lafiya ba haƙuri ba ne, ganganci ne. Ka ga bango na gumi yana baƙi, yi magana tun kana da numfashin yin ta.