Tayoyin da Rangga Ya Kwaikwaya

Butulci ne ya kayar da Rangga. Ni ke masa gyara tun yana tseren babur har ya koma na mota. Da ya yi suna sai ya kore ni: "Pak Tarjo, tsufa ya cinye ka, je ka kiwon agwagi."

Na koma wajen abokin hamayyarsa. Ranar tseren ƙarshe hadari ya haɗo, amma na gane ba zai zubar da ruwa ba. Na san Rangga bai iya karanta sama ba, ni yake kwaikwaya. Na jera tayoyin ruwa, na gudu a jiƙaƙƙiyar kwalta, a ƙofar rumfarmu. Ya leƙo, ya ɗaura irinsu.

Mu kuwa na rani muka sa. Ko ɗigo bai sauka ba.

Zagaye goma, busasshiyar kwalta ta cinye tayoyinsa. Ya rasa tseren, ya rasa kofin shekara, kamfanin da yake yi wa tsere ya sallame shi.